Kirista Bahaushe a Kasuwannin Kan Iyaka: Yadda Ake Rayuwa Bayan Dangi Sun Juya Baya

Uku daga cikin manyan kasuwannin da ke bakin iyakar Nijar da Najeriya, wato Jibiya da Illela da Mai'aduwa, duk ranar Lahadi suke ci. Ga mafi yawanmu wannan ba wani abin lura ba ne, tun da asuba ake ɗaura kaya a kama hanya. To amma akwai wasu tsirarun ƴan kasuwa, Hausawa ƴan uwanmu, waɗanda ranar kan zo musu da lissafi biyu, domin da safe suna coci wajen sujada, kafin su iso kasuwa rana ta take, manyan masu saye sun gama zaɓen buhunan kirki, dillalai sun karɓi la'adarsu. Wannan asara ta rabin yini ita ce mafi sauƙi cikin abubuwan da Bahaushe Kirista ke biya saboda addininsa. Mai nauyin ita ce wadda ba a cika faɗa ba: ɗan uwan da ya daina amsa gaisuwa, uban gidan da ya daina ba da kaya bashi, da gidan da aka hana mutum neman aure.

A wannan shafi mun duba yadda wannan ƙyama take, da dalilin da ya sa ta fi ciwo ga ɗan kasuwa, da kuma hanyoyin da waɗanda abin ya shafa suke bi suna jurewa ba tare da sun bar garinsu ko sun bar imaninsu ba.

Su wane ne waɗannan mutane?

Ƙidayar jama'ar da aka yi a Nijar a 2012 ta nuna cewa Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasar ba, kuma da yawa daga cikinsu baƙi ne daga Benin da Togo da Burkina Faso da kudancin Najeriya. Saboda haka idan aka ce Kirista a kasuwar Maraɗi ko ta Ƙonni, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota, ko Bayarabiya mai kwanuka da robobi. Waɗannan an karɓe su a matsayin baƙi, ana ciniki da su, ba a kuma sa ran su yi salla.

Bahaushe Kirista kuwa lamarinsa dabam ne, domin a tunanin jama'a Hausa da Musulunci abu ɗaya ne. Alhali kuwa tarihinsu ba na jiya ba ne. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa a Tsibirin Gobir da Maraɗi. Asibitin Galmi, wanda duk mai fataucin albasa ya san ƙofarsa, an buɗe shi a 1950, na kutare da ke Danja kuma a 1956. A can Najeriya, Dakta Walter Miller ya zauna birnin Zariya tun 1905 kafin mishan ɗinsa ya koma Wusasa a 1929, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Daga wannan al'umma aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan arewacin Najeriya kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje a zamanin Shagari. A 2023 cocin Katolika ta naɗa Gerald Musa bishop na Katsina, Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a cocin.

Ana iya raba su kashi biyu. Akwai waɗanda aka haifa a cikin addinin, galibi jikokin Maguzawa na ƙasar Malumfashi da Kafur da kudancin Kano, ko zuriyar waɗanda suka tashi a hannun mishan a Tsibiri da Wusasa. Su dai suna da dangi da ƙauyukansu, ƙyamar da suke gamuwa da ita daga waje take zuwa. Sai kuma wanda shi da kansa ya bar Musulunci ya karɓi baftisma. Shi ne wanda ƙyamar ke tasowa daga cikin ɗakin da aka haife shi, kuma shi ne ya fi shan wuya.

Ƙyamar da ba ta da ƙara

Galibi abin ba ya farawa da duka ko kora. Yakan fara da suna: arne, kafiri, ɗan mishan. Sai a ware masa moɗar shan ruwa. Sai ranar da aka kawo tuwo abokan cin ƙwarya su ce sun ƙoshi. Idan mahauci ne ko mai tuwo-tuwo, sai a fara tambayar wa ya yi yankan, cikin mako biyu teburinsa ya bushe, duk da cewa malamai da dama suna karantar da halaccin abincin Ahlul Kitabi. Wannan ne ma ya sa Kiristoci da yawa a ƙasar Hausa sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu akuya ko kaji ranar Kirsimeti, domin idan an kai abinci maƙwabta a iya ci.

Daga nan sai abin ya shiga manyan al'amura. Wanda ya sauya addini yana da mata, sau da yawa iyayenta kan zo su ɗauke ta tare da ƴaƴa. Saurayi kuwa ba shi da inda zai kai kuɗin gaisuwa a unguwarsu. Maganar gado ma a fili take, domin a fiƙihun Malikiyya da ake bi a ɓangarorin iyakar biyu bambancin addini yana hana gado, saboda haka gonar uba da shagonsa sukan wuce shi. Wasu iyayen masu tausayi sukan yanka wa irin wannan ɗa wani abu a matsayin kyauta tun suna da rai, amma ba kowa ke samun haka ba. Ko mutuwa ba ta raba gardamar, domin a ƙananan garuruwa da dama babu maƙabartar Kirista, sai an ɗauki gawa an yi tafiya da ita.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, idan Bahaushe Kirista ya gangara kudu da kaya, can ma ba a karɓe shi a matsayin ɗan uwa ba. Sunansa Musa ko Haruna ko Audu, yana sanye da doguwar riga da hula, bakinsa Hausa. Idan rikici ya tashi a Anaca ko Aba, ba wanda zai tsaya tambayarsa addininsa. A gida ana masa kallon wanda ya fita daga Hausa, a kudu ana masa kallon ɗan arewa kamar kowa.

A takarda doka tana tare da shi. Sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa ƴancin addini har da ƴancin sauya shi, haka nan tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ya raba gwamnati da addini. Sai dai babu alƙalin da zai tilasta wa wa ya amsa sallamar ƙanensa, babu kuma dokar da za ta sa attajiri ya ba wanda ba ya so bashi.

Inda abin ya fi ciwo: bashi da amana

Duk wanda ya taɓa kai shanu Maigatari ranar Alhamis, ko ya yi lodin wake daga Maraɗi zuwa Dawanau, ya san cewa kasuwancinmu ba a kan tsabar kuɗi yake tafiya ba. Uban gida ya ba yaronsa kaya ya tafi da su, sai ya sayar ya kawo. Fatake su sauka gidan mai masauki, shi ya tsaya musu wajen mai saye. Ɗan canji ya karɓi sefa a Ɗan Isa, wani ya biya naira a Katsina, ba takarda ba sa hannu. Abin da ke riƙe da wannan duka shi ne sanayya: an san gidanku, an san masallacin da kake salla, an san wanda za a kai wa ƙara idan ka ci amana.

Masana sun daɗe da lura da haka. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna a littafinsa na 1969 yadda fataucin shanu da goro ya dogara ga masu gida da ke tsaya wa bashi, da yadda ɗarikar Tijjaniyya ta ƙara ɗaure ƴan unguwar wuri guda. Shi ma Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire, a littafin da ya rubuta kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya bayyana yadda dangantakar uban gida da bara take zama gadar da arziki ke bi yana ƙetare iyaka. Ke nan addini a kasuwarmu ya wuce ibada kaɗai, ya zama shaidar da mutum ke nunawa a yarda da shi.

To a nan ne wanda ya sauya addini yake faɗuwa. A ɗauki misalin yaron shago da ya shekara goma yana karɓar atamfa bashi daga uban gidansa. Ranar da labari ya bazu, uban gidan ba sai ya zage shi ba, ya ishe shi ya ce kaya sun yi ƙaranci. Sauran attajirai su ma su ja baya, wasu don fushi, wasu don gudun abin da za a ce da su a majalisa. Waɗanda yake bi bashi kuma su yi sanyin jiki wajen biya, tun da sun san ba shi da wanda zai tsaya masa. Cikin ƴan watanni jarin da ya tara ya narke ba tare da an taɓa lafiyar jikinsa ba.

Irin wannan mutum shi ne farkon durƙushewa idan kasuwa ta yi tsanani. Mun ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, muka sake gani bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin 2023, wanda sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mai dangi ya sami wanda ya ɗaga masa ƙafa, ya ci bashin hatsi, ya jira. Wanda aka yanke kuwa sai ya sayar da keken ɗinkinsa ko babur ɗinsa.

Ranakun da wuta ta tashi

Ba kullum ƙyamar ke tsayawa a shiru ba. A Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka afka wa mashaya da wasu majami'u, abin da Barbara Cooper ta yi bayaninsa a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin. Ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, fushin da jama'a suka yi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ya sauka a kan maƙwabtan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Mutum 10 suka rasu, hukumomi suka ce a Yamai kaɗai an ƙone coci 45, a Damagaram kuma ɗaruruwan Kiristoci suka kwana a barikin soja. A Yunin 2019 an sake ƙone wata coci a Maraɗi bayan kama wani limami.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan lokuta Kiristan gida ne ya biya bashin abin da wani ya aikata a wata ƙasa ko a wani ofis. Haka kuma a duk lokutan an sami Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabta, suka tare ƙofar shago suka ce ba za a taɓa ba. Wanda ya fi shahara a irin wannan shi ne Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Jihar Filato, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban mahara ya ƙi ba da su. Wannan ya kawo mu ga darasi na farko da waɗanda suka daɗe cikin wannan hali suka koya, wato ranar tsanani maƙwabcin da ka yi shekaru kana gaisawa da shi ya fi kusa da kai fiye da kowace hukuma.

Yadda suke jurewa

Hanya ta farko ita ce ƙin yanke zumunci ko da an yanke da kai. Sabon shiga yakan so ya yi fushi ya tattara ya bar gari, amma dattawan ikkilisiya sukan ba shi shawarar ya daure. Idan an yi haihuwa a gidansu ya je barka, idan an yi rasuwa ya je ya zauna a tabarmar gaisuwa ko da ba wanda ya kula shi, ranar Salla ya aika wa mahaifiyarsa turmin zane kamar yadda ya saba, da azumi ya kai sukari da gero. Sau da yawa za a mayar masa da kayan a shekarar farko da ta biyu. Amma galibi ƙofar ba ta rufuwa gaba ɗaya, kuma ta wajen mata take fara buɗewa: uwa, ko goggo, ko yaya mace da za ta aiko a ɓoye ta tambayi lafiyar jikoki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma wanda ya ci gaba da takawa shi ke wayar gari an kira shi ranar da tsoho ya kwanta ciwo ana neman mai kai shi Galmi.

Ta biyu ita ce gina sabuwar shaida da hali, tun da tsohuwar ta rushe. Ɗan kasuwa Kirista ya san cewa kuskuren da za a yafe wa wani, shi ba za a yafe masa ba. Saboda haka masu hankalinsu sukan cika tiya har ta zuba, ba sa haɗa tsohon wake da sabo, sukan biya bashi tun ranar ba ta cika ba. Sukan fara da ƙaramin ciniki na kuɗi hannu, sukan rubuta duk abin da aka karɓa a gaban shaidu biyu, ɗaya daga cikinsu Musulmi mai mutunci a kasuwar. Abin yana ɗaukar shekaru, amma kasuwa ba ta da haƙurin yin asara saboda ƙiyayya. Attajirin da yaransa uku suka cinye masa kuɗi, idan ya ga wanda ba ya cin ko dala, wata rana zai aika a kira shi, ko da da dare ne.

Ta uku ita ce samun dangi na biyu. A nan ikkilisiya take maye gurbin gidan da aka rasa. Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda ke da ƙarfi a majami'un ECWA a Najeriya da na EERN a Nijar, ita ke zuwa wankan jego, ita ke dafa abincin biki, ita ke zaman makoki. Ana yin adashi tsakanin ƴan coci, ana ware wani abu daga baiko don wanda aka kora, ana sa yaro koyon ɗinki ko kafinta ko gyaran babur wajen wani ɗan ikkilisiya. Ba banza ba ne aka sami Kiristocin ƙasar Hausa da yawa a aikin jinya da koyarwa da sana'ar hannu, domin sana'o'i ne da mutum ke ci da ƙwarewarsa ba sai wani ya ba shi kaya bashi ba.

Ta huɗu ita ce riƙe Hausancinsu. Wanda aka ce masa ya zama Bature ko ya zama Inyamuri, babban abin da ke kwantar masa da rai shi ne ya shiga coci ya ji ana wa'azi da Hausa, ana waƙa da Hausa da ganga, ana kiran Allah da sunan da ya tashi yana ji. Da yawa sun fi son a kira su Masihiyawa, suna sa wa ƴaƴansu sunaye irin su Ibrahim da Yakubu da Maryamu da Ladi, suna zuwa sujada da babbar riga. Wanda ya tsaya a kan cewa shi Bahaushe ne ɗan Bahaushe, ya rage wa masu gorin abin faɗa, ya kuma rage wa kansa jin cewa shi baƙo ne a garin ubansa.

Ta biyar ita ce kame baki. A tasha da rumfar mai shayi ba a rasa mai tsokana, wani don neman sani, wani don neman abin da zai kai gaba. Waɗanda suka ga jiya sukan amsa tambayar da aka yi da ladabi, amma ba sa shiga gardamar da za ta kai ga taɓa abin da maƙwabci ke girmamawa. Yanzu da kowa ke riƙe da waya, wannan ya haɗa da abin da ake turawa a WhatsApp da Facebook, inda kalma ɗaya kan yi tafiyar da mai ita bai yi niyya ba. Kisan ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayun 2022, wanda fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da shi, daga saƙon murya a zauren ƴan aji ya samo asali. Idan kuwa abu ya wuce gori ya kai ga barazana, ba jarumtaka ba ce a zauna. Ana sanar da mai unguwa da sarkin kasuwa da hukuma, idan ta kama a kau da jiki zuwa wani gari har ƙura ta lafa.

Ta ƙarshe, wadda ta fi wuya, ita ce ta zuci. Mutumin da uwarsa ta ce ba ta haife shi ba yana ɗauke da makoki irin na mutuwa, sai dai ba wanda ke zuwa masa gaisuwa. Wasu sukan faɗa shaye-shaye, wasu su cika da ɗacin rai har su riƙa ganin kowane Musulmi abokin gaba ne. Fastoci masu hangen nesa sukan zaunar da irin wannan mutum su bar shi ya yi kukansa, sa'an nan su tuna masa cewa addinin da ya karɓa ya umarce shi da girmama iyaye da yi wa mai ƙinsa addu'a, kuma Almasihun da yake bi shi ma mutanen garinsu Nazarat sun ƙi shi. Labarin da suka fi komawa gare shi shi ne na Yusufu, wanda Musulmi da Kirista duk suka sani: ƴan uwansa suka rabu da shi, ya yi bauta da kurkuku a Masar, amma ranar da yunwa ta kawo su gabansa hatsi ya auna musu.

Gyara kayanka

Adalci ne mu faɗi cewa gidan Kirista ma yana da nasa laifin. Akwai majami'un da ke ɗaukar sabon tuba kamar kayan nuni, a yi ta yawo da shi yana ba da shaida ana tara kuɗi, bayan wata shida a manta da shi. Akwai inda ake masa kallon ɗan leƙen asiri, a ƙi ba shi ƴa kamar yadda danginsa suka ƙi. Akwai kuma masu wa'azin da ke kafa lasifika su yi ta habaici, su tafi su bar ƴan gari da zafin abin. Haka nan a garuruwan da Kirista suka fi yawa, a Filato ko kudancin Kaduna, yaron da ya musulunta yakan gamu da irin wannan kora daga iyayensa Kirista, a hana shi gona, a daina cin abinci da shi. Ciwon iri ɗaya ne, kuma wanda ya san zafinsa a jikinsa bai kamata ya ɗora wa wani ba.

Abin da ya rage gare mu

Mafi yawan masu karanta wannan shafi Musulmi ne, kuma ba wanda ya ce su ji daɗin ganin ɗansu ya bar addininsu. Baƙin cikin uba a irin wannan hali gaskiya ne, ba a kuma raina shi. Tambayar ita ce me za a yi da baƙin cikin. Tarihin Musulunci kansa ya nuna cewa lokacin da aka tsananta wa Musulmin farko a Makka, wajen Najjashi, sarkin Habasha Kirista, suka sami mafaka. Malamai kuma suna karantar da yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Asma'u ƴar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta wadda ba Musulma ba ce. A asibitocin Galmi da Danja kuwa, shekara da shekaru ke nan galibin waɗanda ake yi wa magani Musulmi ne, ba a taɓa tambayarsu kalmar shahada a bakin ƙofa ba.

Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan hatsi da ƴan dabbobi da ƴan canji, su tabbatar cewa rumfa da layi da shari'ar bashi ba su dogara ga addinin mutum ba. Idan Kirista ya kawo ƙarar wanda ya riƙe masa kuɗi, a saurare shi kamar yadda za a saurari Alhaji. Idan jita-jita ta tashi a kansa, a bincika kafin yara su ɗauki duwatsu, domin wutar da aka kunna wa shago ɗaya ba ta san iyakar rumfar maƙwabci ba. Iyaye da ƴan uwa kuma su bar ko da ƴar ƙaramar ƙofa a buɗe, saboda jikokin da ke can gidan jininsu ne, kuma ba wanda ya san a hannun wa zai tsufa.

Ga ƴan uwanmu Masihiyawa kuwa, shawarar ita ce wadda dattawansu suka riga suka gwada ta yi aiki: a ci gaba da zuwa gaisuwa, a cika mudu, a kame baki, a riƙe juna. Iyakar nan mai tsawon kusan kilomita 1,500 Turawa suka shata ta, kakanninmu kuma suka ci gaba da aure da fatauci a kanta kamar babu ita. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.